Idan igiyar aure ta tsinke: wa ke riƙon yara, wa ke ciyarwa, me matar za ta fita da shi?

Duk wanda ya taɓa zama a kotun da ake sauraron ƙararrakin aure ya san wata magana da ake yawan ji daga bakin miji: "In tana son takardarta, to ta bar mini 'ya'yana." Ya kuma san amsar da kan fito daga ɗaya ɓangaren: "Tun da ya hana kuɗin cinsu, ba zai ƙara sa su a ido ba." Masu maganganun nan biyu suna ganin kansu a matsayin abokan gaba, amma kuskurensu iri ɗaya ne. Kowannensu ya ɗauki abin da ba nasa ba ya bayar jingina. Shi ya jinginar da yara don ya riƙe mace, ita ta jinginar da ganin uba don ta karɓi kuɗi, alhali riƙo da ciyarwa da ganin iyaye duk hakkin yaron ne.

Abin da nake son mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, mutuwar aure tambayoyi uku take haifarwa, kuma kowacce da ma'auninta. Akwai yadda za a kwance auren. Akwai makomar yara, wato inda za su zauna da wanda zai ɗauki nauyinsu. Sai kuma abin da ke tsakanin mutum biyun na dukiya da ciyarwa. Galibin zaluncin da ake yi bayan rabuwa yana farawa ne daga lokacin da aka ƙulla ɗaya da ɗaya, aka ce ba za a warware wannan ba sai an sarayar da wancan.

A kan kwance auren ba zan daɗe ba, domin nan ne dokokin duniya suka fi kusantar juna a shekarun baya-bayan nan. A da, a ƙasashen Yamma, ba a raba aure sai ɗaya ya tabbatar wa kotu da laifin ɗaya: zina, duka, ko ƙauracewa. Wannan ya sa mutane ƙirƙirar laifi ko tonon sililin juna a gaban alƙali, bayan kuma sun gama yayyaga juna sai a ce su je su haɗa kai wajen tarbiyyar yara. A Amurka jihar Kalifoniya ce ta fara sauya wannan da dokar da Gwamna Ronald Reagan ya sa wa hannu a 1969, wadda ta ba da damar rabuwa ba tare da ɗora wa kowa laifi ba. Ostareliya ta bi a 1975, tana neman shaidar rabuwar wata 12 kawai. Jihar New York ba ta shigo sahu ba sai 2010. Ingila ta fi su duka jan ƙafa, har sai da shari'ar Owens da Owens ta kai Kotun Ƙoli a 2018: matar da ta bar gidan mijinta tun 2015 ta nemi a raba su, mijin ya ƙi, kotu ta ce hujjojinta ba su kai abin da doka ke nema ba, dole ta jira cikar shekara biyar da rabuwa. Alƙalan da kansu sun nuna rashin jin daɗin hukuncin da doka ta tilasta musu. Daga nan aka yi sabuwar doka a 2020, ta fara aiki ranar 6 ga Afrilu 2022, inda furucin mutum ɗaya cewa auren ya mutu ya isa, sai jiran mako 20 sannan ƙarin mako 6. A Nijeriya, ga wanda ya yi auren rajista, dokar 1970 ta ce dalili ɗaya ne tak, wato auren ya lalace ba gyara, amma dole a tabbatar da shi ta ɗaya daga cikin hanyoyin da ta lissafa, ciki har da zaman rabe na shekara biyu idan ɗayan bai ja ba, ko shekara uku ko ya ja.

Shari'ar Musulunci tun asali ba ta gindaya wa miji tabbatar da laifi ba. Ta ba shi saki, ta kewaye shi da idda da damar kome a saki na ɗaya da na biyu. Ta ba mace khul'i, kamar yadda matar Sabit bin Ƙais ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki aka raba su. Ta ba alƙali ikon raba aure idan akwai cutarwa, ko rashin ciyarwa, ko doguwar ƙaura, kuma mazhabar Malikiyya ta fi sauran faɗaɗa wannan ƙofa. Matsalar da ƙasashen Musulmi suka yi ta fama da ita ta daban ce: sakin da ake furtawa cikin fushi, ba shaida, ba rubutu, mace ta wayi gari ba ta san matsayinta ba. Tunisiya ta ce tun 1956 ba saki sai a gaban kotu. Indonesiya ta faɗi haka a dokar aurenta ta 1974. Indiya ta bi ta wata hanyar, Kotun Ƙolinta ta soke saki uku a furuci ɗaya a 2017. Abin da Maroko ta yi a dokar iyalinta ta 2004 shi ya fi burge ni: miji na da ikon sakinsa, amma sai ya nemi izinin kotu, an gwada sulhu, in ya gagara kotu ta ƙiyasta hakkin matar da na yaran, ta ba shi kwana 30 ya ajiye kuɗin a asusun kotu. In bai ajiye ba, ana ɗauka ya fasa. Wato an gane cewa lokacin da mutum ke ɗokin samun abin da yake so shi ne lokacin da ya fi saurin biyan abin da ake bin sa.

Masar kuwa ta toshe ƙofar jinginar nan da na fara da ita. Dokarta ta 2000 ta ba mace damar yin khul'i ko da miji bai yarda ba, muddin ta mayar da sadaki ta kuma yafe hakkokinta na kuɗi. Amma dokar ta faɗa ƙarara cewa ba a sayen khul'i da sarayar da renon yara, ko ciyarwarsu, ko wani hakki nasu. Mace na iya yafe nata. Na yaro ba ta da ikon yafewa, domin ba ita ke da shi ba.

Batun yara shi ne inda ya kamata a zauna, a gyara zama.

Kalmar "riƙo" tana ɓoye abubuwa biyu. Akwai reno na yau da kullum, wanda malaman fiƙihu ke kira hadana: wa zai tashe shi da safe, wa zai lura jikinsa ya yi zafi cikin dare, wa zai wanke masa kaya. Akwai kuma wilaya, ikon yanke manyan shawarwari a kan karatunsa da lafiyarsa da dukiyarsa da tafiyarsa. Dokokin zamani ma suna yin wannan rabo, suna bambanta wurin zaman yaro da ikon yanke masa shawara. Rigingimu da yawa suna lafawa da zarar an fahimtar da uba cewa zaman yaro a wajen uwarsa bai cire shi daga matsayin uba ba, aka kuma fahimtar da uwa cewa zaman yaro a ɗakinta bai ba ta ikon sauya masa makaranta ko gari ita kaɗai ba.

Mutane da yawa suna zaton ba uwa riƙo sabon abu ne da Turawa suka kawo. Tarihi ya nuna akasin haka. A Ingila, har zuwa 1839, uba ke da cikakken iko a kan 'ya'yansa, uwa ba ta da ta cewa ko da jariri ne a goye. Sai da Caroline Norton, wadda mijinta ya raba ta da 'ya'yanta uku, ta yi ta rubutu da fafutuka kafin majalisa ta ba uwa damar neman riƙon yaran da ba su kai shekara bakwai ba. Fiye da shekara dubu kafin nan, wata mata ta zo wajen Annabi (SAW) ta ce cikinta ne mazubin ɗan nan, nononta ne abin shansa, cinyarta ce makwancinsa, ga shi ubansa ya sake ta yana son ƙwace shi. Ya ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba.

Akwai wani labari a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da nake so ƙwarai. Umar bin Khaɗɗab ya rabu da wata matarsa mutuniyar Madina, uwar ɗansa Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, ya kama dantsensa ya ɗora shi a gabansa bisa abin hawa. Kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi tana ja, har suka je gaban Halifa Abubakar. Umar ya ce ɗana ne, ita ma ta ce ɗana ne. Abubakar ya ce wa Umar ya bar mata shi. Mai ruwayar ya ce Umar bai ƙara mayar masa da magana ba. A duba wanda aka yanke wa hukuncin, a duba kuma wadda ta yi nasara: ba ma uwar ba ce, kaka ce. A tsarin Malikiyya idan uwa ta faɗi daga reno, uwarta ce ke biye, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a tsallaka ɓangaren uba. Abin da ake nema shi ne hannun da yaro ya saba da shi.

Mazhabobi sun saɓa a kan ranar da renon ke ƙarewa. Malikiyya sun ce namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Hanafiyya sun tsaya a wajen shekara bakwai ga namiji, tara ga mace a fatawar da ta fi yaɗuwa. Shafi'iyya sun ce da zarar yaro ya yi wayo sai a ba shi zaɓi. Ƙasashe sun zo sun yanka nasu: Masar ta kai shi shekara 15 a 2005, daga nan yaro ya zaɓa, Maroko ma a 15 take ba da zaɓi, Indonesiya ta tsaya a 12. Wannan saɓani da kansa shaida ne cewa lambar ba ita ce manufa ba. Kowa ƙoƙari yake ya auna inda yaro zai fi samun kulawa a kowane mataki na girmansa.

Wannan awo shi ne dokokin zamani suka mayar da shi doka guda: maslahar yaro. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan hakkin yara ta 1989 ta sa shi a sashe na 3, ta ƙara a sashe na 9 cewa yaron da aka raba da ɗaya daga iyayensa yana da hakkin ci gaba da hulɗa da su biyun sai in hakan zai cuce shi, a sashe na 12 kuma ta ce a saurari ra'ayinsa gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Dukkan ƙasashen da ke cikin Majalisar sun tabbatar da ita in ban da Amurka. Dokar yara ta Ingila ta 1989 ta ɗora maslahar yaro sama da komai, haka ma sashe na 71 na dokar Nijeriya ta 1970.

Kalmar tana da daɗin ji, sai dai tana da faɗi, kuma faɗinta shi ne ƙarfinta da rauninta. Alƙali zai duba wa ke kula da yaron tun kafin rigima, ina makarantarsa, ina 'yan'uwansa (ba a son raba wa da ƙani sai dole), lafiyar kowane ɓangare, da wanda ya fi nuna zai bar yaro ya ga ɗayan. Abin da bai kamata ya rinjaye shi ba shi ne kauri na aljihu. Hujjar "ni ke da gida da mota, ita ba ta da komai" hujja ce ta a ƙara wa uwar kuɗin ciyarwa, domin talaucin mai reno da kuɗi ake maganinsa, kuma kuɗin yana hannun mai kawo hujjar. Haka nan laifin da ya kashe aure ba lallai ya shafi reno ba. Mutum na iya zama mugun miji amma uba nagari, mace na iya gaza zama da miji amma ba wanda ya kai ta iya riƙon ɗanta. Inda laifin ke shigowa kai tsaye shi ne duka da cin zarafi da shaye-shaye da sakaci, domin yaron da ya tashi yana kallon ana jibgar uwarsa an riga an cuce shi ko da ba a taɓa jikinsa ba.

Na taɓa raka wata 'yar'uwata irin wannan zama. Alƙali ya sa aka fitar da iyayen, ya bar yarinyar mai shekara tara tare da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a. Daga baya ma'aikaciyar ta ce da aka tambaye ta inda take son zama, sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin rigarta, can ta ɗago ta ce, "In na faɗa, wa za a gaya wa?" Tun ranar na daina yarda da masu cewa a bar yaro ya zaɓa kawai a huta. Sauraron yaro wajibi ne, amma ɗora masa nauyin yanke hukunci tsakanin uwarsa da ubansa kaya ne da ya fi ƙarfin wuyansa. Alƙalin kirki yana jin ta bakinsa a keɓe, sannan ya ɗauki nauyin hukuncin a kansa, yadda yaron zai iya cewa kotu ce ta ce.

Auren uwa wani ƙulli ne. Zahirin hadisin da na ambata ya sa malamai suka ce renonta na faɗuwa idan ta auri wanda ba muharramin yaron ba, amma sun yi togaciya da yawa, misali idan yaron ba ya karɓar nonon kowa sai nata, ko wanda ke da hakkin karɓa ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce. Maroko ta rubuta cewa auren uwa ba ya zubar da renonta idan yaron bai wuce shekara bakwai ba, ko rabuwar za ta cuce shi, ko yana da lalurar da ita kaɗai ke iya ɗauka. A nawa ganin wannan ya fi kusa da manufar hukuncin. Tsoron da ake ji shi ne sabon miji ya shagaltar da ita ko ya ƙuntata wa agola. To ai irin wannan tsoron yana nan a ɗakin matar uba, kuma ba kasafai ake tambayarsa ba.

A ƙasashen Yamma an yi yayin raba lokaci daidai, mako nan mako can. Yana yin kyau idan gidajen na kusa kuma iyayen na iya magana da juna ba tare da ɗaga murya ba. Ostareliya ta sa a dokarta a 2006 cewa a fara da ɗaukar iyaye biyu suna da nauyi daidai, sai mutane suka fahimce shi a matsayin hakkin rabin lokaci, aka kuma yi ta kukan yana tura yara hannun masu cin zarafi. A 2023 majalisa ta cire wannan ƙa'ida. Japan kuwa daga ɗaya gefen ta taso: shekara da shekaru dokarta mutum ɗaya take ba iko bayan rabuwa, sai a 2024 ta amince da ikon haɗin gwiwa. Ƙasa ɗaya na ja da baya daga inda ɗaya ke nufa, abin da ke nuna ba wani ma'auni guda da zai dace da kowane gida. Idan kuma ɗaya ya ɗauke yaro ya tsallaka iyaka, Yarjejeniyar Hague ta 1980 ta ce a mayar da yaron da bai kai 16 ba ƙasar da ya saba zama, kotun can ta yanke batun riƙo, sai in mayarwar za ta jefa shi cikin babban haɗari. Amma tana aiki ne tsakanin ƙasashen da suka shiga cikinta kaɗai, kuma da yawa ba su shiga ba.

Ciyar da yaro kusan babu saɓani a kansa a kan takarda. A Musulunci nauyin uba ne, yaron na hannunsa ko ba ya hannunsa, uwar mai kuɗi ce ko matalauciya. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora masa ci da tufa, ta ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta ko uba saboda ɗansa. Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce idan matar da aka saka ta shayar a biya ta ladanta, mai yalwa ya ciyar gwargwadon yalwarsa. Da Hindu 'yar Utba ta kai kukan rowar Abu Sufyan, an ce mata ta ɗauki abin da zai ishe ta da ɗanta bisa abin da aka sani. Dokokin Yamma sun ɗora nauyin a kan iyaye biyu, suna lissafa mai reno a matsayin wanda ke biyan nasa kason da aikin hannunsa. Don rage jayayya wasu ƙasashe sun yi jadawali. A Ingila ma'aunin asali shi ne kashi 12 cikin 100 na kuɗin shigar mai biya ga yaro ɗaya, 16 ga biyu, 19 ga uku ko fiye. Jamus na da jadawalin Düsseldorf tun 1962, wanda ke haɗa albashin mai biya da shekarun yaro. Amfanin jadawali shi ne kowa ya san abin da zai tarar kafin ya je kotu, sai zuwa kotun ya ragu.

Ƙorafin da maza suka fi yi shi ne, "kuɗin nan kanta take kashewa." Wani lokaci gaskiya ne, kuma kotu na iya cewa a biya kuɗin makaranta da na asibiti kai tsaye. Amma mai wannan ƙorafi ya tuna yaro ba ya kwana a waje. Hayar ɗakin da yake ciki, wutar da yake karatu da ita, ruwan da yake wanka da shi, duk ba sa rabuwa da na uwarsa, ba kuma rasit ɗin da zai nuna inda kason yaro ya tsaya.

Inda dokokin duniya suka rabu da gaske shi ne hakkin ita matar bayan aure ya ƙare. A fiƙihu, wadda aka yi wa sakin kome tana nan a matsayin mata har idda ta cika: ci, tufa, wurin kwana, kuma ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita daga gidanta, hukuncin da aka fi kowanne takewa. Mai ciki ana ciyar da ita har ta haihu. Wadda sakinta ya yanke kuma ba ta da ciki, Malikiyya da Shafi'iyya sun ba ta wurin zama ban da ciyarwa, Hanafiyya sun ba ta duka. Saura sadakin da ba a cika ba, bashi ne. Sannan akwai mut'a, kyautar sallama da aya ta 241 a Baƙara ta kira hakki a kan masu taƙawa. Malikiyya sun ɗauke ta mustahabbi, Shafi'iyya sun wajabta ta. Masar ta mayar da ita doka a 1985: matar da aka saka ba da yardarta ba kuma ba da laifinta ba, mut'arta ba za ta gaza ciyarwar shekara biyu ba.

To bayan idda fa? Tambayar da ta girgiza Indiya ke nan a shari'ar Shah Bano. Tsohuwa ce mai shekara 62 da 'ya'ya biyar, mijinta lauya ya sake ta bayan fiye da shekara 40, ya ce ya gama da ita tun da ya biya na idda. A 1985 Kotun Ƙoli ta ce ya ci gaba da ba ta wani abu duk wata. Aka yi ca, gwamnatin Rajiv Gandhi ta yi doka a 1986 da aka fahimta a matsayin taƙaita nauyin ga idda. A 2001 kotun ta sake fassara dokar ta ce abin da ake nufi shi ne a cikin kwanakin idda miji zai yi mata tanadin da ya dace da rayuwarta ta gaba. Kusan ma'anar mut'a ke nan aka dawo gare ta ta doguwar hanya.

A Yamma tsohon tunani shi ne miji ya ci gaba da ciyar da tsohuwar matarsa har ta mutu ko ta sake aure. Wannan na ja da baya. Kotun Ƙolin Amurka ta ce a 1979 ba a ɗora biyan a kan maza kaɗai, mace mai hali ma na iya biya. Dokar Sikotland ta 1985 ta fi son tallafin da bai wuce shekara uku ba, na miƙewa tsaye. Nauyin ya koma kan rabon dukiya. A shari'ar White da White ta 2000, ta wasu manoma da suka yi fiye da shekara 30 tare, babbar kotun Ingila ta ce ba a fifita mai nemo kuɗi a kan mai riƙon gida, kuma duk rabon da ya kauce wa daidaito sai an kawo dalili. Jamus har fansho take rabawa tun 1977. Kada kuma a ce wannan tunanin Turawa ne zalla: dokar Indonesiya, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi, ta ɗauki abin da aka tara cikin aure a matsayin na su biyu, kundinta na hukunce-hukuncen Musulunci na 1991 ya ba kowa rabi, kotunan shari'a na Malesiya ma suna raba dukiyar da aka nema tare. Sashe na 49 na dokar Maroko ya bar wa kowa dukiyarsa, amma ya ba ma'aurata damar rubuta yarjejeniya ta daban, in babu alƙali ya duba wahalar da kowa ya sha wajen tara ta.

Nan ne nake da ra'ayi mai ƙarfi. Ware dukiyar miji da ta mata kariya ce babba ga mace, domin abin da ta mallaka nata ne, ba mai taɓa shi. Sai dai kariyar tana amfanar wadda ke da abin karewa. Matar da ta ajiye karatu ko sana'a ta yi shekara 25 tana reno da jinya da tattalin abin da miji ya kawo, har ya samu sukunin gina gida da faɗaɗa kasuwa, idan aka sallame ta da ciyarwar wata uku an ci guminta. Ban ce a ɗaure namiji da biyan har abada ba, wannan ma yana hana mutum biyu fara sabuwar rayuwa, yana kuma barin igiya a hannun wanda aka rabu da shi. Abin da ya fi shi ne biya guda mai kauri, wanda aka auna da tsawon zaman da halin mijin da abin da matar ta bari saboda gidan. Kayan aikin suna nan cikin fiƙihu, mut'a da hakkin wanda ya sa hannu a tara dukiya. Alƙalan da za su ɗauke su da muhimmanci ake nema.

Duk wannan kuma takarda ce in ba a karɓo kuɗin ba. Mace ta yi wata takwas tana zarya, ta samu hukunci, a biya wata biyu a daina, ta koma a ba da sammaci, a ce ba a same shi ba. Mai albashi da sauƙi, ana yanka daga tushe kafin ya shiga hannunsa, kamar yadda ake yi a Amurka, inda har fasfo ake hana wanda bashin ciyarwarsa ya haura dala 2,500. Mai sana'ar kansa shi ne aiki, domin ranar shari'a kowa kasuwarsa ta karye. A nan kotu kan duba yadda mutum yake rayuwa, gidan da yake ciki da motar da yake hawa, ta ƙiyasta daga nan. Ɗauri yana tsorata mai taurin kai, amma wanda ke kurkuku ba ya nemo komai. Shi ya sa wasu ƙasashe suka sa hukuma a tsakani: Tunisiya ta kafa asusu a 1993, Masar ta kafa nata a 2004 ƙarƙashin Bankin Nasser, Jamus kuma tun 2017 tana biyan yaro har ya kai 18 idan mai biya ya gaza. Asusun ne ke ba uwar kuɗin a kan lokaci, sannan hukuma ta bi uban bashi da ƙarfin da uwar ba ta da shi.

'Yar'uwar tawa da na raka kotu ba ta samu irin wannan asusu ba. An ba ta riƙo, an ba uban ƙarshen mako biyu a wata da rabin hutu, an yanka masa abin da zai riƙa bayarwa. A wata na huɗu kuɗi ya tsaya. Ranar Juma'ar da zai zo ɗaukar yarinyar na same ta a tsaye bakin ƙofa, jakar yarinyar a hannunta, tana ta saƙa da warwara. Ta ce da ni, "Yaya, in na hana shi yau, gobe zai kawo kuɗin." Wataƙila da ya kawo. Yarinyar kuwa tun azahar ta sa takalmanta tana leƙen hanya. Da motar ta tsaya uwar ta miƙa jakar, ta gyara wa 'yarta wuyan riga, ta ce ta gaishe da kakarta. Ranar Litinin da sassafe muka koma wajen magatakardan kotu da takardar hukuncin da lissafin watannin da ba a biya ba.